Kasuwar da Ba a Cewa "Na Sallama"

Akwai ranar da ko na tsufa har na fara rikita sunayen jikokina ba zan manta da ita ba. Ita ce ranar da na bi wani kwali a kan babur tun daga Tasawa har cikin ƙauyukan Hawandawaki, ina roƙon Allah ya sa in riga shi isa. Shekaru sun wuce, amma har yau in na ji ƙanshin ƙanumfari sai in tuna da ita.

A lokacin ni malamar kwantiragi ce a wata lakwal, wato makarantar boko, a Tasawa. Wanda ya san aikin ya san albashinsa ba ya da ranar zuwa, sai dai ka gan shi kawai kamar baƙo. Shi ya sa na fara 'yar sana'a ta salula, wato wayar hannu. Akwai wata kasuwar intanet mai buro, wato ofis, a Yamai da na buɗe shago a cikinta. Tsarinsu shi ne ka ɗauki hoton kayanka ka saka, mai saye ya biya su, su aiko a ɗauki kayan, su kuma riƙe kuɗin a hannunsu har sai kwanakin da suka ɗibar wa mai saye sun cika. A cikin kwanakin nan in ya ga dama sai ya danna wani wuri kawai, kaya su kamo hanyar gida. Wannan shi suke kira retur, kuma babu kalmar da na tsana a duniya kamar ta.

Ba don komai na tsane ta ba sai don abin da na sha. An taɓa maido mini turaren wuta an ƙona rabin kwalba, wai ƙanshin bai yi daidai da hoto ba. Ku gaya mini yadda ƙanshi yake yin daidai da hoto. An maido mini zanen gado da aka kwana a kai, har da tabon man kitso. Kuɗin mota zuwa da dawowa duk a wuyana, kuma ba ka da ikon yi wa mai sayen magana, don lambarsa a ɓoye take. Ni kuwa Allah ya yi ni da baki, in ban faɗi abin da ke raina ba sai kaina ya yi ciwo. Sai in zauna in yi ta masifa ni kaɗai da salula a hannu, maigidana yana yi mini dariya.

Kaya ɗaya ne ba a taɓa maido mini ba, su ne jakunkunan Baba.

Baba aminin mahaifina ne, kuma tun da mahaifina ya rasu shi ya tsaya mini a matsayin uba. Baduku ne a wani ƙauye mai kasuwa a yankin Hawandawaki, kuma shi ne ladanin masallacinsu. Fatar jar akuya yake aiki da ita, ya rina da karan dafi, ya ɗinka da hannu. In ka ga ɗinkinsa sai ka rantse da ma'auni ya yi. Yana da wata magana da duk kasuwar ta haddace, don ya sha faɗinta a gaban jama'a: ranar da aka maido masa aiki bayan ya sallama, ranar zai ajiye basilla. Kuma Baba ba ya magana biyu. Shekarun baya ya ce ya daina ɗinka laya, alhali ita ce aikin da ya fi kawo wa baduku abin cefane. An roƙe shi, an yi fushi da shi, har manya sun aiko, bai sake ɗinka ko ɗaya ba. Tun da matarsa ta rasu kuwa, kiran salla da basillar nan su ne suke tashinsa da safe. Na san in ya ajiye ta, ba sana'a kaɗai zai ajiye ba.

Sai kuma gyara. A wajenmu mai gero yana ƙara maka ɗan hannu bayan awo, mai goro yana ɗora maka ɗaya a sama, Baba ma ya ce baduku ba zai zama marowaci a cikin 'yan kasuwa ba. Gyaransa shi ne wani ɗan ƙunshin fata kamar girman babban yatsa, ya zuba ƙanumfari da kajiji a ciki, ya ɗinke shi ruf ta kowane gefe, ya jefa a cikin jaka don ya kashe warin sabuwar fata. Duk matan yankin sun san shi. Ban taɓa rubuta shi a bayanin kaya ba, don gyara ba a shelarsa, mutum yakan tarar da shi ne ya ji daɗi.

Wata mata a Yamai ta sayi babbar jaka, irin mai tuntaye a gefe, wadda Baba ya daɗe yana aikinta. Ɗan kabu-kabu mai haya da babur ya ɗauke ta daga rumfar Baba ya kawo tasha, don rumfar ce na rubuta musu a matsayin wurin ɗaukar jakunkuna. Na ga saƙo cewa ta isa hannun mai ita, na yi hamdala, na manta da zancen.

Ranar da abin ya faru farkon kaka ne, kuma ranar kasuwar su Baba. Da safe ina shirin fita na buɗe salula, sai na ga shagona a rufe, an ja masa jan layi. A ƙarƙashin hoton jakar kuma matar ta yi rubutu inda kowa zai gani, da Faransanci da Hausa, don kada wani ya ce bai gane ba. Ta ce a yi hattara da masu wannan shago, suna saka wa mata laya a cikin jaka, ita Allah ne ya tsare ta da ta laluba ciki. Na karanta sau biyu kafin na gane ƙunshin ƙanumfari take nufi. Na so in yi dariya, amma a ƙasan rubutun na ga kalmar nan, retur.

Na kira buronsu. Wata yarinya mai sanyin murya ta ɗauka, irin muryar da ke ƙara wa mai fushi fushi.

"Madam, kiliya, wato mai saye, ta samu abin da ba ta saya ba a cikin kayan. Dokarmu ta ba ta dama ta maido."

"Gyara ne," na ce. "Ƙanumfari ne a ciki. Ke ba Bahausa ba ce? Ba ki san gyara ba?"

"Na sani, Madam. Amma babu gyara a cikin dokokinmu."

"To ba ni lambarta in yi mata bayani. Magana ɗaya za ta warware wanga abu."

"Ba mu ba da lambar kiliya."

Na ce mata an riga an sayar, an biya, kaya sun kwana a gidan mutum, wace irin maidowa kuma. Ta amsa mini a hankali kamar mai karanta allo, ta ce a wajensu ciniki ba ya kammala sai kwanakin retur sun cika, kafin nan kiliya dubawa kawai take yi. Na faɗa mata maganganun da ba zan rubuta a nan ba. Da na gaji na tambaye ta inda jakar take yanzu, ina tunanin in je tasha in karɓe ta in ɓoye a ƙarƙashin gadona har abada. Ta ɗan taɓa na'urarta, ta ce kwalin ya bar Yamai tun jiya, kuma doka ita ce kaya su koma inda aka ɗauko su.

Inda aka ɗauko su, wato rumfar Baba, a tsakiyar kasuwa, ranar kasuwa.

Baba ba ya riƙe salula. Na kira maƙwabcin rumfarsa, babu rezo, layi ba ya shiga, na sake kira, babu. Na ja mayafi na fita ko takalmin kirki ban tsaya sakawa ba. A tasha na sami mai kula da kayan aike yana shan shayi a ƙofar rumfarsa. Da na faɗi sunan ƙauyen sai ya ajiye kofin, ya dube ni tun daga sama har ƙasa.

"Kwalin asirin nan? Naki ne, Malama?"

"Wane asiri? Wa ya ce maka asiri ne?"

"Ai da labarinshi ya zo. Matar da ta kawo shi can Yamai ta ce kada a aje shi kusa da abinci ko yara. Direba bisa mota ya ɗaure shi, shi kaɗai. Mu ma da tsumma muka sauko da shi."

Ashe maganar ba a salula kaɗai ta tsaya ba. Ta hau mota tare da kwalin, ta biyo kwalta tana sauka a kowace tasha. Na tambaye shi ina kwalin, ya nuna hanyar kudu da haɓa, ya ce wani ɗan kabu-kabu ya tafi da shi tun ɗazu, shi ma sai da aka ƙara masa kuɗi kafin ya yarda ya ɗauka.

Na tare wani ɗan kabu-kabun, magidanci mai furfura a gemu, na ce masa in ya cim ma wancan a hanya zan ninka masa. Ya ce sai dai mu gwada, rairayi ba ya jin gaggawa. Gaskiya ya faɗa. Muna sauka daga kwalta babur ya fara rawa, ƙafar baya tana wulla ƙasa, ni ina riƙe da ƙarfen baya har yatsuna suka mutu. Gero ya yi tsayi a dama da hagu, ba ka hango komai sai 'yar siririyar hanyar da ke gabanka. Kowace kwana muka sha sai in miƙa wuya ina sa ran ganin babur da kwali a baya, sai in ga amalanke ko mata da ƙwaryar nono.

Abin da nake ta juyawa a kaina shi ne fuskar Baba. Mutumin da ya bar ɗinkin laya don tsoron Allah, ya sha gorin mutane a kan haka, yau za a ajiye masa kwali a gaban jama'a a ce ga layar da ya aika birni. Ko an wanke shi daga wannan, ga maganarsa tana jiransa. Ni na ɗauki aikinsa na kai shi inda ake maido kaya kamar wasa, shi kuwa bai ma san ana yin haka a duniya ba.

A wata rijiya muka tsaya, don esansi, wato man babur, ya yi ƙasa kuma akwai mai sayarwa a kwalba a gindin bishiya. Yana ɗurawa yana ba mu labari, ba tare da mun tambaya ba, cewa yanzun nan wani ya wuce da kwalin da aka kawo daga Yamai, an ce wani baduku ne yake yi wa matan manya asiri. Wata mata da ke jan guga ta ce ita ta ji ma har matar ta kwanta ciwo. Na ce mata ƙarya ne, ƙanumfari ne. Ta dube ni ta ce, "Ke kin buɗe kin gani?" Ban tsaya ba ta amsa ba, na haye babur. Gaba kaɗan muka faɗi a cikin wani rairayi mai zurfi, salansa ya ƙona mini ƙauri, ban ma ji zafin ba sai da yamma.

Da muka shiga kasuwa rana ta take tsaka. Ban buƙaci tambaya ba, don layin dukawa ya cika da mutane har masu tallar fura sun ajiye ƙorai sun matso. Na kutsa ina ture mutane. Kwalin yana ƙasa a tsakiyar fili, an naɗe shi da baƙar leda, an ba shi wuri kamar maciji. Baba yana zaune a kan buzunsa, da wani takalmi da yake gyarawa a cinya, fuskarsa ba ta nuna komai. Wani mutum mai jar hula yana tsaye a kansa yana magana da ƙarfi don kowa ya ji. Daga baya na ji cewa yana cikin waɗanda Baba ya taɓa ƙi ɗinka wa laya.

"Ashe tamu ta talakawa ce ba ka ɗinkawa, Ladan. Ta matan birni kana yi."

Babu wanda ya tsawata masa. Wannan shirun ya fi maganar yi mini ciwo, don mutanen da ke bin kiran sallar Baba kullum ne suke tsaye suna jira su ga abin da zai fito daga kwali.

Baba ya ɗago ya gan ni, da ƙura har gira.

"Ɗiyata, aikina ne a ciki?"

Na so in ce a'a. Wallahi na so. Amma ban taɓa iya yi masa ƙarya ba.

"Naka ne, Baba."

Ya ajiye takalmin, ya jawo kwalin da hannunsa, mutane suka ja da baya. Ya yanke ledar, ya fito da jakar, ya juya ta, ya shafa ɗinkin gefe da yatsa, ya duba tuntayen ɗaya bayan ɗaya. Sannan ya zura hannu ciki ya fito da ɗan ƙunshin. Matar ta naɗe shi a takarda, ta ɗaure da zare. Wata mata a bayana ta fara salati ƙasa-ƙasa. Baba ya warware, ya ɗora shi a tafin hannu, ya ɗauki wuƙarsa ta yankan fata ya miƙa wa mai jar hula.

"Amshi. Kai ka yanka, kada a ce na musanya."

Mutumin ya yi turus. Ya duba hagu ya duba dama, ya ga idanu sun dawo kansa, dole ya karɓa. Ya tsaga fatar. Ƙanumfari ya zubo a kan buzu tare da gutsattsarin kajiji, ƙanshi ya tashi a cikin zafin ranar nan har layin masu barkono.

Wata tsohuwa ce ta fara dariya. Ta ce ai gyaran Ladan ne, nata yana cikin jakarta tun auren autarta, ta ma zaro shi ta ɗaga. Sai ga wata ta zaro nata. Kasuwa ta kaure da dariya, ana cewa 'yan birni sun ga ƙanumfari sun gudu. Mai jar hula ya ajiye wuƙa ya sulale. Ni kuwa na tsuguna a gefen rumfa ina cewa alhamdu lillahi, ina ganin an gama.

Baba bai yi dariya ba. Ya tattara ƙanumfarin gefe guda. Ya jawo wani tsohon tsumma ya shimfiɗa, ya ɗauki basillarsa, wadda ƙotarta ta yi baƙi ta yi santsi saboda daɗewa a hannu, ya ɗora a kai. Ya ɗora wuƙar. Ya fara naɗewa a hankali. Waɗanda ke kusa suka gani suka daina dariya.

"Baba, mi kake yi?" na ce. "Ai kowa ya gani. An wanke ka."

"Sunana ya wanku, ɗiyata. Amma aiki ya dawo."

Na fara magana kamar an kunna rediyo. Na ce babu aibi a jakar, shi da kansa ya duba. Na ce a kasuwar salula kowa ana maido masa, har masu manyan shaguna, ba abin kunya ba ne. Na ce tsoro ne ya kama matar, ba aikin ta raina ba. Yana saurarena yana ci gaba da naɗi. Ya ce shi bai ce in an maido da aibi ba, cewa ya yi in an maido bayan ya sallama, kuma jama'ar nan shaida ne. Ya ɗaure tsumman da zaren fata. Na fashe da kuka a gaban mutane, ni da nake taƙamar ba a ganin hawayena.

A cikin kukan ne muryar yarinyar buro ta dawo mini, da sanyinta da komai. Maganar da na zage ta a kai da safe.

"Baba, tsaya. Ka ce bayan ka sallama. To wa ya sallama wagga jaka?"

Ya dube ni. "Ke mana. Ba ke kika saida ba?"

"Ban sallama ba. Ba a ma ba ni bakin da zan ce na sallama ba. Ban taɓa jin muryar matar ba, ita ma ba ta taɓa jin tawa ba. Su da kansu sun ce mini yau, a kasuwarsu ciniki ba ya faɗawa sai kwanakin da suka yanka sun cika. Kafin nan dubawa kawai mai saye yake yi."

"Kuɗɗin fa?"

"Suna hannun buro. Ko dala ba ta shigo hannuna ba."

Akwai wani dattijo Bafulatani, dillalin shanu, abokin Baba na shekara da shekaru, da ke tsaye ya harɗe hannu a kan sandarsa tun farkon abin. Sai a lokacin ya yi magana. Ya ce shi dai a kasuwar shanu ya tsufa, kuma ya sha ganin mai taya saniya ya ja ta gefe, ya buɗe bakinta, ya zagaya da ita, ya dawo da ita ya ce bai yi ba. Babu wanda ya taɓa kiran wannan maidowa, tunda mai ita bai ce ya sallama ba.

"Wagga mata tayi ta yi, Baduku. Ta dai ja jakarka gefe da nisa, har Yamai. Kai kuma kana neman dalilin hutu, ka bar mu da takalma a yage."

Wasu suka yi 'yar dariya, amma Baba bai motsa ba. Yana kallon ƙunshin tsumman a cinyarsa. Na san shi, in ya ga wayo ake yi masa don a kuɓutar da shi, ba zai karɓa ba. Ya tambayi dillalin ko tsakaninsa da Allah haka hukuncin yake a wajensu, dillalin ya ce tsakaninsa da Allah. Ya juyo gare ni.

"Kenan duk jakunkunan da kika kai, babu wadda aka ce an sallama, babu wadda aka sa wa albarka?"

"Babu, Baba."

"Mutum shi ɗauki kayanka shi kai gida, shi kushe su a bayan idonka, ba ka da bakin amsawa?"

"Haka dokarsu take."

Ya girgiza kai. Sannan ya sa haƙori ya kwance zaren, ya warware tsumman, ya ɗauki basillar ya soke ta a jikin takalmin da yake gyarawa.

"Maganata ba ta faɗa kaina ba. Amma ki ji da kyau, ɗiyata. Kada ki ƙara kai aikina kasuwar da ba a sallamawa."

Dillalin nan ne ya sayi jakar a wurin, wai zai kai wa ɗiyarsa. Ya kushe ta son ransa, ya ce tuntayen sun yi yawa, jan ya yi ja da yawa, Baba yana rama masa. Da suka daidaita Baba ya ce, "Na sallama, Allah shi sa albarka," da ƙarfin da ya fi na kullum. Ni kuma na tsince fatar ƙunshin da aka tsaga na ƙulle a bakin mayafina.

Bayan 'yan kwanaki buron suka buɗe mini shago, da na aika musu hoton ƙanumfarin. Ba su goge rubutun matar ba, wai ra'ayin kiliya ne. Ni na rufe shagon da hannuna. Na buɗe gurup a salula, na tara waɗanda suka taɓa sayen kayana da waɗanda suka kawo. Ranar kasuwa sai in je ƙauyen, in tsaya bayan masallaci inda rezo yake ɗan kamawa, in kira mai saye ta bidiyo. In juya mata jaka ciki da waje, ta kushe, in amsa, ta ce ta gani ta yarda da bakinta, sannan in kirawo Baba in miƙa masa salula ya ce ya sallama. Ba zan ce muku aljanna ce ba. Masu saye sun ragu sosai, akwai masu sa ka ɗinka su ɓace, akwai waɗanda har yau suke tsoron biya kafin su taɓa kaya, kuma ban ga laifinsu ba. Amma ko rigima ta tashi, da mutum mai murya nake yi.

Matar Yamai kuwa na daɗe ina jin haushinta, daga baya na sauko. Da ni ce na zura hannu a jakar da ta fito daga wurin wanda ban sani ba na taɓo abu ɗinkakke ruf, ban san irin ihun da zan yi ba. Da an bar mu mun yi magana, da yanzu wataƙila tana cikin gurup ɗina. Har yau ba ta san ƙanumfari ta tsorata da shi ba.

Jakar farko da Baba ya gama bayan wannan rana, na karɓa zan ɗauki hoto, na zura hannu ciki kamar yadda na saba. Babu komai. Na laluba kusurwa huɗu.

"Baba, ka manta gyara."

Bai ɗago daga ɗinkinsa ba. "Ban manta ba."

Na ce ai yanzu zan riƙa faɗa musu tun kafin su saya, in nuna musu a bidiyo, in ce ga ƙanumfari. Ya ce abin da sai an yi shelarsa an rantse a kai kafin a karɓa ya tashi daga gyara. Bai sake saka shi a jakar kowa ba, ko ta 'yan ƙauyen, har ƙarfinsa ya ƙare ya daina fita kasuwa don kansa.

Na yi tsere da kwali a ranar ban riga shi ba, na kuma ceto basilla da maganar da na fi tsana, amma ban ceto gyara ba. Abin da na koya shi ne, ciniki ba kaya da kuɗi kaɗai ba ne, akwai bakin mai saye da bakin mai sayarwa a tsakani. Duk inda aka hana mutum biyu magana, ko alheri ka yi wa wani zai iya ɗauka sharri ka ƙulla masa. Fatar ƙunshin nan tana cikin akwatina har yanzu, kuma ƙanshin ya daɗe da fita daga jikinta.